Wa Ya Ɗauke Muryar Balarabe?

A garin Babban Mutum, idan aka ce wane yana da wuyar yarda, sai ka ji an tambaya, ya kai Malam Nu'uman kuwa? Dogon mutum ne siriri, mai ƙarancin dariya, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya ɗan dakata kafin ya amsa, kamar yana duba ko da wani abu a ƙarƙashin gaisuwar. Ba mugu ba ne. Maƙwabta sun shaide shi da zumunci, in ya yanka ɗan akuya kowane gida a layin sai ya ga romo. Shi dai ba ya ɗaukar magana yadda ta zo masa.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Mahaifinsa manomin gero ne, shi ya tura shi Daura karatu wurin wani malami, ya zauna can har Larabci ya zauna masa a baki, ya kuma haɗa da boko gwargwado. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka shiga neman masu karanta Larabci su kuma rubuta boko, sai ya samu aikin magatakarda a wata kotu. Ya shiga aikin da zumuɗi, yana ganin daga yau ƙarya ta ƙare a ƙasa. Shekara da shekaru yana zaune ƙasa da alƙali yana rubuta abin da shaidu suka faɗa. A nan ya ga dattijo mai farin gemu ya rantse a kan gonar da ba tasa ba, ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ga wa da ƙane sun tsaya kan saniya guda, kowa da shaidunsa da suka ga haihuwarta a garkensa. Tun daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a: kome aka gaya masa sai ya tambayi wa ya gani da idonsa, kuma wa zai amfana.

Daga baya ido ya fara ba shi matsala. Gefe-gefe ya fara rufewa, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Da aka kai shi Kano aka ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ya ajiye aiki ya dawo gida, yana ganin haske da inuwar mutane, amma rubutu ya gagare shi. Wannan ya fi komai ci masa rai. Littattafansa na fiƙihu suna nan jere a zaure, sai dai ya shafa bangonsu. Matarsa Maijidda ta yi karatun allo, amma Larabcin da babu wasali ba nata ba ne. Mutane sun yi tayin su riƙa karanta masa, ya ƙi. Ya ce ta yaya zai san mai karatu bai gaji ya tsallake layi ba?

Wata Babbar Salla 'yarsa Fadila, wadda ke koyarwa a Katsina, ta zo da mijinta Yazid, suka zo masa da kwamfuta irin ta ninkewa. Yazid ya zuba littattafan Larabci a ciki, ya ɗora mata wata murya ta namiji mai karanta duk abin da aka buɗe. Ya nemi ƙaro ya ɗiɗɗiga a kan maɓallan da ake bukata, don Malam ya riƙa gane su da yatsa: wannan na farawa, wannan na tsayawa, wannan na komawa baya.

Malam Nu'uman bai yi murna nan take ba. Ya sa aka buɗe babin shaida, wanda ya haddace tun yana saurayi, ya zauna ya karkata kunne yana jiran ya kama muryar da tsallake. Bai kama ta ba. Ya sa aka buɗe wani babin, nan ma haka. Sai da baƙin suka kusa komawa sannan ya ce, "To, Balaraben nan naku dai ba ya ha'inci. Wasali ne wani lokacin yake kuskurewa."

Sunan da ya bi muryar ke nan. Kullum da hantsi, bayan an karya, Maijidda takan ciro kwamfutar daga cajin sola ta ajiye masa a kan buzu a zaure. Balarabe na karatu, Malam na gyara masa da ƙarfi kamar ɗalibi. Masu wucewa kasuwa kan tsaya su saurara. Har ƙiba aka ce Malam ya yi a wannan shekarar.

Mutum ɗaya ne abin bai kwanta masa ba, Malam Mainasara, limamin masallacin unguwa, wanda suka yi karatu tare a Daura tun suna samari. Yakan zo ya zauna, ya saurara kaɗan, ya girgiza kai.

"Malam, ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa," in ji shi. "Wannan wa ya karantar da shi? A gaban wa ya durƙusa?"

"Ni ba ilimi nake ɗauka wurinsa ba, ido yake ara mini."

"Idon da ba ka san mai shi ba."

Sukan yi ta haka har azahar ta raba su.

Ana nan, sai Malam ya bukaci wani littafi a kan rabon gado wanda babu shi a cikin kwamfutar. Fadila ta ce za ta turo, ta kira uwarta a waya ta yi ta kwatanta mata yadda za ta jona kwamfutar da datar wayarta. Da ƙyar aka samu, don a Babban Mutum waya takan bar sabis ɗin gida ta kama na Nijar. Littafi dai ya sauka, Malam ya ji daɗi, aka bar kwamfutar a jone har yamma ba wanda ya kula.

Bayan 'yan kwanaki Malam Mainasara ya zo kamar yadda ya saba. Malam ya shiga cikin gida ya yi alwala, ya bar shi a zaure shi kaɗai da kwamfutar. Washegari da hantsi Maijidda ta kunna ta, sai ta ƙi buɗewa yadda ta saba. Allon ya yi shuɗi, wasu ɗige-ɗige suna ta zagaye, ta mutu da kanta, ta tashi da kanta, ta sake mutuwa. Da ta gama abin da take yi, Malam ya laluba ƙaron farawa ya danna.

Muryar mace ce ta fito. Ta faɗi lambar shafi da Turanci, ta yi shiru. Ya danna na gaba. Ta sake faɗin wata lambar, ta sake yin shiru. Larabcin da ke cike da shafin kuwa ko harafi ɗaya ba ta taɓa ba.

Malam ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

"Maijidda, wace ce wannan?"

"Ina zan sani, Malam?"

"Ina Balarabe?"

"Wallahi yadda na saba kunnawa haka na kunna."

Malam ya jingina da bango. Tsohon halin kotu ya taso masa gaba ɗaya. Abu ba ya ɓacewa da kansa, sai an ɗauke shi. Kuma wanda ya ɗauke bai tsaya nan ba, sai da ya saka mace Baturiya a gurbinsa, wannan kuwa izgili ne. Wa zai amfana? Ya fara da na kusa. Ya tuna Maijidda ta taɓa cewa tun da Balaraben nan ya zo gidan hira ta ƙare tsakaninsu.

"Jiya bayan la'asar wa ya mayar da ita ɗaki?"

"Ni."

"Kin buɗe ta?"

"Ban buɗe ba."

"Da kika goge mata ƙura, ta ina kika goge?"

Maijidda ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Malam, nan ba kotu ba ce, ni kuma ba a kawo ƙarata ba. In na iya cire mutum daga cikin ƙarfe, ai da tuni na buɗe shago." Ta shige ciki, ranar bai ji motsinta a zaure ba sai da ta kawo abinci ta dire ta juya.

Maganarta ta shige shi. Gaskiya ne, ba ta da sanin da za ta yi wannan. Sai tunaninsa ya koma kan wanda ya zauna shi kaɗai da kwamfutar, wanda kuma bai taɓa ɓoye ƙinta ba. Shi ma Mainasara bai san kwamfuta ba, amma ai ana koya wa mutum danna wuri ɗaya. Yana da ƙane malamin makaranta a Baure. Malam ya yi ta jujjuya abin, duk inda ya juya sai ya ga ya dace.

Bai ce wa kowa komai ba. Amma da aka kira azahar, sai ya ɗauki sandarsa ya wuce masallacin unguwa, ya bi bango ya tafi na bakin kasuwa. La'asar ma haka. Kafin a kwana biyu magana ta zagaye unguwa cewa Malam Nu'uman ya daina bin Malam Mainasara salla.

Liman ya zo da kansa. Ya yi sallama, ya zauna a inda ya saba.

"Malam, na ji shiru a zauren nan, na kuma daina ganinka a sahu. Lafiya?"

"Lafiya lau. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da na shiga alwala na bar ka nan, hannunka ya kai kan abin nan?"

"Ya kai. Kaza ce ta shigo za ta hau, na kore ta, na ja shi gefe."

"Ka ja shi kawai."

"Na ja shi kawai. Me kake nufi?"

"Ban nufi komai ba. Ka dai ce ka taɓa."

Malam Mainasara ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Tun muna cin tuwo a akushi ɗaya a Daura ka san ni. Abin da na ƙi, a gabanka nake faɗa. Allah ya bayyana gaskiya." Ya fita ko sallama bai yi ba.

Da Yazid ya ji labari ya yi ƙoƙarin gyarawa ta waya, yana faɗa Maijidda na dannawa, amma rubutun allon Turanci ne, abin ya ƙi. Ya ce, "Baba, ku kai ta Daura. Akwai wani abokina Sama'ila mai gyara kusa da tasha, hannunsa na da kyau."

"Abokinka ne," in ji Malam. "To, in aikinka ne ya lalace tun farko, ai ba zai faɗa ba."

Duk da haka ya shirya, don zaure ya yi masa faɗi. Maijidda ta naɗe kwamfutar a cikin zane, suka shiga motar Daura, Malam ya rungume ta a cinya har suka sauka, ya hana a sa ta a but ɗin motar.

Sama'ila magidanci ne mai sanyin magana, shagonsa cike da matattun wayoyi da warin dalma. Ya ba su benci, ya kunna kwamfutar, ya ɗan duba.

"Allah gafarta Malam, kun jona ta da intanet kwanan nan?"

"An jona. Ni na sa, littafi na nema."

"To shi ne. Babbar manhajar da ke tuƙa ta ce ta sabunta kanta. Da ta samu data sai ta sauke sabuwar ta ajiye, ta jira ranar da ta ga dama ta ɗora. Ita kuma sabuwar da kayanta na dole kawai take zuwa. Larabci da muryarsa ƙari ne, sai mai so ya nema. Wani lokacin sukan biyo ta, wani lokacin su zube a hanya. Naku sun zube, shi ya sa ta koma muryar da aka ƙera ta da ita."

"Wato ba hannun mutum ba ne."

"Ba hannun kowa ba ne a garinku."

Malam ya tuna fitar liman daga zaure. Amma bai sake ba. "Wa ya ba ta izini?"

"Haka aka yi ta."

"Wa ya yi ta haka? Mutum yana can wata ƙasa, ya shigo zaurena ban sani ba, ya fitar da wani ya shigo da wata. In ya iya wannan, me kuma ya iya?"

Sama'ila ya yi ɗan murmushi. "Wannan kam, Malam, ni ma ban san iyakarsa ba. Abin da na sani shi ne yadda za a dawo da muryar."

"To, ba za ka danna komai ba sai ka fassara mini shi."

Haka kuwa aka yi. Sama'ila ya shiga wurin saituna, ya shiga ɓangaren harsuna, ya nemo Larabci, yana karantawa yana fassarawa. Allon ya kawo ƙarin abubuwan da mutum zai zaɓa.

"Na farko haruffa ne, don rubutun ya fito da kyau."

"Sa shi."

"Sai murya mai karantawa."

"Ita muka zo nema."

"Sai wanda ke gane rubutun hannu."

"Ba ni da idon rubutu. Bar shi."

"Sai wanda ke sauraron maganar mutum ya mayar da ita rubutu."

Malam ya gyara zama. "Mai saurare? Da can akwai shi a ciki?"

"Ban ga alama ba."

"Ba ka ga alama ba, ko babu?"

"Babu, Malam."

"Kar ka kuskura ka sa shi."

Sama'ila ya danna, abu ya fara sauka, ya yi ɗan nisa ya tsaya cak. Suka jira, shiru. Malam ya ce lalle sun ji an ƙi mai saurarensu ne suka yi fushi. Sama'ila ya bincika ya ga ashe kwamfutar ce ke tattalin data, ya cire mata wannan takunkumin, ta ci gaba a hankali. Ana cikin haka aka kira azahar. Malam ya rasa yadda zai yi: ba ya son barin ta a shagon wani, ba kuma a ɗaga ta tana tsakiyar aiki.

"Maijidda, zauna nan. Kar ki bari kowa ya matso kusa da ita."

"Yau kuma ni ce mai gadi?" in ji ta, ba ta ko dube shi ba. Ta dai ja bencin ta zauna a gabanta. Sama'ila ya kama hannun Malam suka tafi masallaci.

Da suka dawo abin ya gama. Sama'ila ya kashe ta ya sake kunnawa, ya zaɓi muryar Larabci, ya tura ta gaban Malam. Ya laluba ƙaro ya danna. Muryar namiji ta cika shagon, Larabci tiryan-tiryan. Maijidda ta ce alhamdu lillahi. Mai sayar da rake a ƙofar shago ya leƙo.

Malam ya sa a buɗe masa babin ciniki, ya ce a gangara can tsakiya. Akwai wata kalma a wurin da Balarabe ya saba yi mata wasali bisa, alhali wasali ƙasa take da shi. Kullum suka zo wurin sai ya kuskure, kullum sai Malam ya daka masa tsawa. Ya karkata kunne yana jira. Muryar ta zo kan kalmar, ta karanta ta daidai, ta wuce.

"Tsaya. Koma baya."

Ta sake karantawa daidai.

"Ba shi ba ne," in ji Malam.

"Shi ne, Allah gafarta. Wataƙila sun gyara shi ne a sabuwar."

"Wa ya gaya musu yana kuskure a nan? A zaurena nake gyara masa, daga ni sai shi. Ka ce ba ya saurare."

"Malam, Larabawan duniya duk da shi suke aiki. Ai ba za a rasa wanda ya kai ƙara ba."

Malam ya auna maganar. Tana da kama da gaskiya, amma ba wanda ya gani da idonsa. Ya sa Sama'ila ya kashe makirfon ɗin kwamfutar gaba ɗaya, ya kuma liƙe ɗan idon kyamarar da baƙin salatif. Ya tambaya ko za a iya hana ta sabunta kanta har abada. Sama'ila ya ce ana iya ɗaga mata lokaci, amma hanawa ɗungurungum sai dai in ba a sake jona ta ba. Malam ya ce to an gama, ita da intanet sai a lahira. In Fadila na da littafi, ta zubo shi a filashi ta ba direban mota.

A hanyar komawa, da suka wuce Zango, Malam ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na ɓata miki rai a banza."

"Ni nawa mai sauƙi ne," in ji Maijidda. "Ka san inda za ka."

Da la'asar ya shiga masallacin unguwa ya tsaya a sahun farko. Bayan an sallame ya jira mutane suka ragu, ya matsa kusa da liman.

"Malam, na zarge ka da ɗauke Balarabe, kuma ba kai ba ne. Na bar sallarka a kan zato. Ka yafe mini."

Malam Mainasara ya ja carbinsa ya ƙare zagayen da yake yi. "Na yafe. Amma ya yi mini zafi, kar ka ce bai yi ba."

"Na sani."

"To wa ya ɗauke shi?"

"Masu shi. Sun kuma dawo da wani mai kama da shi, ya fi na da iya karatu. Shi ya sa ban yarda da shi ba. Wanda ya iya canza mai karatu ina zaune, zai iya canza abin da ake karantawa. Ina so ka riƙa zuwa da littafinka na takarda, yana karantawa kana bi da ido."

Liman ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. "Wato ni da na ce a jefar da shi, ni zan zama shaidarsa."

"Ai shaidar maƙiyi ta fi ƙarfi."

Tun daga nan kullum da hantsi za ka same su a zaure, liman da tabarau da littafi a cinya yana bin layi da yatsa, Malam Nu'uman da yatsa a kan ƙaron tsayawa. Suka gama babin tsarki, suka gama na salla, ba su samu bambanci ba ko na harafi. Sai da suka shiga babin gado muryar ta karanta wani layi guda wanda babu shi a littafin liman.

Malam Mainasara ya ce ga shi nan, na'ura ta yi ƙari a addini. Malam Nu'uman ya ce a'a, layin ya yi kama da maganar mai littafin, masu ɗab'i ne suka zubar da shi. Liman ya ce littafin nan tun na malaminsu ne, da shi aka karantar da su duka biyun. Malam ya ce ai malaminsu ma sayen sa ya yi a kasuwa, ba a gabansa aka buga ba. Suka aika Daura a nemo musu bugu na uku wurin jikokin malamin. An ce ana dubawa a cikin akwatuna. Har yanzu bai iso ba, su kuma sun ƙi wuce wannan shafin.